Malam Dawuda da Bargon Gwamnati

Malam Dawuda mai barguna haifaffen Garwa ne, jikan wani falke da ya taso daga Kano, ya ga kogin Binuwai ya ce tafiya ta ƙare. Ya yi ƙuruciya lokacin da jiragen ruwa ke tsayawa a tasha da damina, a sauke gishiri a loda gyaɗa da auduga. Boko kuwa bai yi ba. Faransancinsa tsintacce ne a kasuwa, kuma kalmar da ya fi riƙewa ita ce kubertir, wato bargo, don da ita sojoji da ma'aikata ke tambayarsa kaya. Da ya zauna gaban tsofaffin malaman mishan, waɗanda ba sa barin yaro ya wuce kalma sai ya juya ta ciki da bai, da sun gaya masa kubertir fuska biyu gare ta: bargo ce, kuma kariya ce. Amma waɗannan malamai ƙasa ta daɗe da rufe su.

A rumfarsa ya fara jin labarin, daga rediyon maƙwabcinsa Goni Oumar mai turare, ɗan adawa na gani-kashe-ni. Wai gwamnati ta kawo kubertir ta lafiya ga kowa da kowa.

"Goni, me suka ce? Ga kowa?"

"Ga kowa, wai. Kusan kyauta, wai."

"To ni in sayar wa wa?"

Goni ya ɗauka habaici ne, ya buga cinya. "Ka ji dattijo! Ai dama talaka za a ƙwara."

Tun daga ranar Malam Dawuda ya ƙulla gaba da kubertir. Luc, tsohon ma'aikacin gidan waya kuma ɗan jam'iyya mai mulki, yakan zo shan shayi a rumfar, su yi ta sa-in-sa da Goni.

"Papa Dawuda, kai fa kana cikin masu amfana," in ji Luc.

"In amfana? A garin da rana ke narka kwalta? Duk shekara ɗan sanyin nan nake jira, shi ma za a raba ni da shi."

Luc ya jinjina kai, yana zaton karin magana ce mai zurfi. Haka aka yi ta tafiya, ba wanda ya gane inda gizo ke saƙar.

Ana cikin haka ƙafafun matarsa Fa'iza suka kumbura. Likita ya ce ƙoda ce, sai dai wankin jini sau biyu a mako, har iya rai. Blandine, ma'aikaciyar jinya, ta sa aka yi mata kati, ta ce da shi za a riƙa ɗora ta a inji ba tare da an sayar da gida ba. Katin Mama, haka take kiransa, haka Malam Dawuda ya san shi. Ya yi masa jakar fata kamar laya.

Da zaɓe ya matso, Goni ya ja shi wani taro. Mai ɗaukar labari ya kanga masa makirufo, shi kuwa ya buɗe murya: "A soke kubertir! Ta kashe mana kasuwa!" Aka yi tafi, aka sa a rediyo.

Ranar Litinin, Blandine na ɗaura wa Fa'iza robobin inji, ta ɗago.

"Papa, muryarka na ji a rediyo?"

"Tawa ce, 'yata."

"Mama ta yi maka laifi ne?"

Ta zaro katin daga jakar fatar, ta ɗora yatsa kan rubutun. "Wannan ita ce kubertir ɗin."

Ya dubi katin, ya dubi injin da jinin matarsa ke zagayawa a ciki. "To ina bargon?"

"Wane bargo?"

Bai jira an gama ba. Ya tare ɗan moto, mai babur ɗin haya, sai kasuwa, hula a hannu.

"Goni, tsakaninka da Allah, in kun ci, sokewa za ku yi?"

"Wa ya ce sokewa? Tumɓuke ta za mu yi, mu dasa wadda ta fi ta."

"Tsakanin tumɓukewa da dasawa fa? Jinin Fa'iza ba ya jiran damina."

"Haba Malam, refom ke nan. Ba ka san refom ba?"

Ya samu Luc a gida yana ba kaji dawa.

"Mu muka haife ta, Papa, uwa ba ta cin ɗanta. Sai dai aljihun ƙasa ya yi sanyi, dole a ɗan rage nan a ƙara can."

"Ina ne nan, ina ne can?"

"Sai an zauna. Refom ce kawai."

Kalma ɗaya ta riga ta kayar da Malam Dawuda, ga wata kuma, a bakin mutum biyu da bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya ba. Ya tambayi Luc fuska nawa gare ta. Luc ya ce bai gane tambayar ba.

Ya nemi mai ɗaukar labarin don ya janye maganarsa, aka ce ya tafi Yagoua. Ya faɗa wa mutanen Goni ya tuba, suka ce an saye shi. Ya faɗa wa mutanen Luc, suka ce ɗan leƙen asiri ne. Wasu suka ce tuni an rubuta sunansa, za a cire matarsa daga layi. Blandine ta ce ƙarya ne, inji bai san jam'iyya ba. Amma da ya tambaye ta abin da zai faru bayan zaɓe, sai ta ce, "Papa, ni allura na sani."

Da safiyar zaɓe ya tarar da Fa'iza ta yafa mayafi tana zaune a bakin gado.

"Malam, za a soke ko ba za a soke ba?"

"Wallahi ban sani ba. Na tambaya har bakina ya bushe."

"To wa za mu zaɓa?"

Ta miƙo hannu ya tayar da ita, ta dafa kafaɗarsa har numfashinta ya daidaita.

"Kai ka ba na Goni, ni in ba na Luc. Duk wanda ya hau, gidan nan ya zaɓe shi, sai mu je mu tuna masa."

"In kuma na uku ya ci?"

"Akwai na uku?"

"Sun fi goma, Fa'iza."

"Kira mai moto," ta ce. "Ka ce masa ya dawo gobe da sassafe kuma, gobe Litinin."