Jikin Yaya Ya Daina Karɓar Jini

Yayana shi ne ɗan farin Inna, kuma da ciwon sikila aka haife shi. Inna irin matan nan ce masu kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta maganarsa a gaban surukai. Amma in ciwo ya tashi, ita ke sulalewa da shi asibiti. An ƙara masa jini a Anka, an ƙara a Bukkuyum lokacin da suka je wajen danginta, an sake ƙarawa a Anka. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ba ta san rabin wannan ba.

Wata shekara ana yankan shinkafa a fadamar Gummi ciwon ya kayar da shi. Baba yana gona, ni ina gidan mijina, sai Inna da Kaka suka kai shi. Likita ya tambaya ko an sha ƙara masa jini. Inna ta sunkuyar da kai, don uwar mijinta tana tsaye. Kaka kuwa, da ba a raba ta da amsa tambayar da ba tata ba, ta ce, "Sau guda anka sa mai, tun yana ƙanƙane."

Aka sa masa jini, ya warware, muka yi murna. Bayan 'yan kwanaki fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, idonsa ya yi ɗorawa, yana ihu ƙasusuwansa za su fashe. Na ga ciwonsa iri-iri, amma ban taɓa jin tsoro kamar ranar ba. Har yau in na tuna ina jin haushin kunyar nan.

Da muka mayar da shi asibiti, ni na ba likita labarin duka. Ya ce duk jinin da aka ƙara wa mutum, jiki yana iya riƙe kamanninsa, ya tanadi abin yaƙarsa. Jikin Yaya yanzu farfasa baƙon jini yake yi, har ya haɗa da nasa. Da ya sani, da ya tura mu babban asibiti a yi gwaji mai zurfi kafin a sa.

Mazan gidanmu suka baro shinkafa a ƙasa suka zo da laka a ƙafa. Aka ɗebi jinin kowa aka gwada da na Yaya. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin numfashin Yaya daga ciki. Ɗaya bayan ɗaya mai gwajin yana girgiza kai.

Baba ne na ƙarshe. Ya naɗe hannun rigarsa tun kafin a kira shi.

"Ni na haife shi," in ji Baba. "Har nau?"

"Har naka, Malam."

Kowa ya koma ya zauna a kan benci. Baba bai zauna ba, ya tsaya da hannunsa a miƙe.