Anti Lissafi Ta Fara Daga Amsa

Yaran sakandare ne suka laƙaba mata Anti Lissafi, sunan ya bi ta har gida, mijinta ma haka yake kiranta in yana neman tsokana. Shekara da shekaru tana shan ƙurar alli. Da jami'a ta ba ta gurbin digiri na biyu sai ta ajiye aiki, ko waiwaye babu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: ta ci ajin share fage na dogon hutu, in ta faɗi gurbin ya tafi.

Ajin yana bene, fankarsa ƙara kawai take yi. Mai koyarwar, Dakta, irin mutanen nan ne masu rubutu da dama suna gogewa da hagu. A nan ba amsa ake nema ba, hujja ake so: a ba ka magana, ka tabbatar da ita daki-daki. Anti kuwa yadda ta saba, sai ta rubuta abin da aka ce ta tabbatar a saman allo, ta yi ta juya shi har ya koma sifili daidai da sifili, ta ja layi biyu. Kullum ita ce farkon fita allo. Dakta na latsa waya, sai ya ce, "Uhm, na gaba."

Uhm fa! Duk tsawon hutun nan abin da bawan Allah ya iya furtawa ke nan.

Jarrabawa ta fito, jan biro ya ratsa takardarta daga sama har ƙasa. Ta sami Dakta a ofis.

"Dakta, ina kuskuren?"

"Malama, kin ɗauki abin da ake so ki tabbatar kin kafa hujja da shi. Kin sa wanda ake tuhuma ya yi wa kansa shaida."

"Haka nake yi a gabanka tun ranar farko!"

"Na zaci za ki gane da kanki. Nan ba sakandare ba ce."

Wallahi ranta ya ɓaci. Minti nawa zai ci masa? Ɗaga kai kawai, da jimla ɗaya! Ta fito ta bar masa ƙofar a buɗe, da gangan.

Gurbin dai ya tafi. Da aka koma makaranta ta cije ta je sakandaren roƙon tsohon aikinta. Shugaban ya ce sai haƙuri, an ba wani tsohon ɗalibinta ajin. Tana fitowa ta leƙa ajin ta taga. Ga ɗalibin nata nan a gaban allo, ya rubuta amsar a sama yana gangarowa, yara sun sunkuya suna kwafa. Ya hango ta ya washe baki.

"Ku gaida malamata, ita ta koya mini wannan!"

Duk ajin ya miƙe tsaye.