Ranar da Na Tsayar da Gwajin Guduma

Shekarun baya, ina aikin walda a wata masana'antar gyaran manyan injuna a Gusau, aka kawo mana injin kafa turaku. Shi ne mai ɗaga ƙatuwar gudumar ƙarfe ya sako ta a kan turke har ya nutse cikin ƙasa, sannan a ɗora gada. Wajen Bungudu za a kai shi, amma sai an gwada shi a filinmu tukuna.

Ni na yi waldar kunnen ƙarfen da ke riƙe igiyar gudumar. Ina cikin aikin wayar walda mai kyau ta ƙare. Na ƙarasa da wadda na samu, na shafe da fenti, na yi gum. Lokacin gani nake duk garin ba mai hannu irin nawa.

Ranar gwaji maigidanmu ya zo, injiniyan masu gada ma ya zo. Abokina, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya, shi aka sa ya tsuguna kusa da turken yana yi masa alama da alli bayan kowane bugu, a ga iya nutsewarsa.

Kowa na kallon turke, ni ina kallon waldata. A bugu na shida na hango fentin ya tsage, siriri kamar gashi. Na ce a raina fenti ne kawai. A na bakwai tsagar ta ƙara tsawo. In na yi magana, asirina ya tonu a gaban baƙo. Ina tsaye guduma ta sake sauka sau biyu, abokina yana ƙarƙashinta.

Sai na ruga ina ɗaga wa direban injin hannu, ya kashe shi.

Maigida ya ce, "Kai, mi ya faru?"

Na ce, "Alhaji, waldata ce. Ba ta da kyau."

Aka sauko da gudumar a hankali. Injiniyan ya kankare fentin, ya zura farcensa cikin tsagar, ya shige. Sai ya dubi abokina.

Sati biyu aka dakatar da ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Da na dawo, a gaban maigida na sake waldar.

Har yau in mun haɗu da abokina a Tsafe, inda ya koma, sai ya riƙa gaya wa mutane ni na ceci ransa. Nakan yi murmushi kawai. Ban taɓa iya gaya masa cewa sau biyu na bari gudumar nan ta sauka ina tunanin kunyar da zan ji ba.