Malam Muntari Hudu da Kyautar Motar Mista Tilley

Haihuwa da asali

An haifi Malam Muntari Hudu a garin Kazaure a shekarar 1937, a unguwar maƙera. Sunan mahaifinsa Malam Hudu Maƙeri, mahaifiyarsa kuma Aishatu. An tsara wannan tarihi ne saboda a yau akwai takarda a hannun hukuma a Jihar North Carolina wadda ta ce mutumin nan ba ma'aikacin kowa ba ne ranar da ya faɗo daga kan rufi, wai aikin kansa yake yi, alhali akwai mutum goma sha biyu da suka san ba haka ba ne, kuma suna nan suna cin abinci suna barci.

A maƙerar mahaifinsa, idan yaro ya gama koyo ba a ba shi takarda. Ubangida yakan tara mutane, ya miƙa masa masaba da awartaki, ya sa masa albarka. Daga ranar ya zama mutum, amma ubangida yana nan a ubangidansa: in yaron ya yi ciwo shi zai ɗauke shi, in ya mutu shi zai riƙe 'ya'yansa. Muntari ya ga an yi haka sau huɗu tun bai kai shekara goma ba, sai ya ɗauka haka duniya take ko'ina.

Karatu, aiki da aure

Ya sauke Alƙur'ani a 1951, ya yi elementare a Kazaure, sannan ya shiga makarantar koyon sana'a a Kano, inda ya koyi aikin famfo da walda. A 1958 ya kama aiki a sashen ruwa na Ma'aikatar Ayyuka, ya shekara goma sha tara ba a taɓa rubuta masa takardar tuhuma ba. A 1962 ya auri Kubura, 'yar Malam Iliyasu mai ɗinkin hula, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma Allah ya ba ta kunne, abin da ta ji ba ya zubewa. Sun haifi 'ya'ya shida, biyu sun koma tun suna goye.

Zuwa Amurka

A shekarar 1977 aka tura shi birnin Greensboro, a Jihar North Carolina, tare da wasu ma'aikata domin kwas na shekara biyu a kan injinan ɗumama gini da sanyaya shi. Yana gamawa ya haɗu da Mista Tilley, mai wani ƙaramin kamfani na ma'aikata tara, wanda ya ga hannunsa a walda, ya ɗauke shi aiki, ya tsaya masa har ya sami izinin zama. Wannan alheri ne, ba za a ɓoye shi ba. Daga nan Muntari ya riƙa kiran sa Maigida. A 1979 Kubura ta iso da ɗansu Garzali, suka kama haya a East Greensboro, bayan wani coci.

Zamanin kuwa na tsadar mai ne. Gwamnatin tarayyar Amurka ta yi doka a 1978, ta ƙara mata ƙarfi a 1980, cewa duk mai gidan da ya sa faranti a kan rufinsa domin zafin rana ya ɗumama masa ruwa, za a yafe masa kusan rabin abin da ya kashe daga harajinsa. To, sai masu kuɗin unguwar Irving Park da masu dawakan ƙauyen Summerfield duk suka tashi suna son rana. Aiki ya yi wa kamfani yawa, kuma babu gwanin hawa rufi kamar Muntari. Kullum bakwai na safe yana ƙofar ofis, Mista Tilley ya miƙa masa takardar gidajen da zai je, da wanda zai fara da wanda zai ƙare.

Kyautar mota

A watan Afrilu na 1982 Mista Tilley ya kira shi, ya ba shi makullin tsohuwar a-kori-kurar kamfani, da tsani, da akwatin sifana, da injin walda, ya ce duk nasa ne, sai dai ya sa hannu a wata takarda. Muntari ya dawo gida idonsa cike da hawaye, ya ce: «Kubura, yau Maigida ya miƙa mini masaba.» Ita kuwa ta ce: «Malam, Bature da ke ƙirga ƙusa da yamma shi ne zai ba ka mota? A kai takardar nan wani ya karanta.» Ya ce ba a duba haƙoran kyauta, kuma ba zai ci mutuncin mutumin da ya tsaya masa ba. Abokin aikinsa Lonnie, baƙar fata ɗan unguwarsu, wanda shi ma aka yi wa tayin ya ƙi, ya tare shi ya ce: «Ɗan'uwa, motar nan ƙugiya ce, ka dubi zaren.» Muntari ya yi dariya, ya ce mutanen nan ba su san alaƙar yaro da ubangida ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Taurin kansa ba za a rufe shi ba don ya mutu.

Ranar Asabar, 17 ga Afrilu, ya sayo rago daga wata gona a Summerfield, ya yi walima, ya sa aka rubuta sunansa da jan fenti a ƙofar motar. Kubura ce ta yi girkin tun asuba. Hausawa goma sha biyu suka zo, ɗalibai da ma'aikata, cikinsu har da Malam Surajo, wanda ya yi addu'a, da Badaru, wanda ya ɗauki hoto. Mista Tilley ma ya zo, ya ci tsire, ya dafa kafaɗar Muntari, ya ce a gaban kowa: «Babu abin da ya canza. Litinin ƙarfe bakwai, kamar kullum. Kuma ba za ka yi wa kowa aiki ba sai ni.» Badaru ne ya juya maganar da Hausa saboda mata, aka yi tafi. Kubura tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ji da kunnenta.

Abin da takardar ta ƙunsa, kamar yadda lauyan Kubura ya bayyana daga baya, shi ne Muntari ya tashi daga ma'aikaci ya koma ɗan kwangila mai zaman kansa. Wata dokar haraji ta tarayya ta sassauta binciken irin wannan, masu kamfanoni da dama suka sami ƙofa. Mista Tilley ya huta da biyan inshorar rauni da kason fansho a kansa. Aiki kuwa bai ragu da ƙusa ɗaya ba.

Shekarun ƙarshe

Daga 1982 zuwa 1985 ya hau rufin gida fiye da ɗari biyu. Gwiwoyinsa suka fara ƙara, kullum Kubura tana gasa masa su da ruwan zafi da aka dafa a tukunya, domin gidan mai sa wa mutane farantin rana bai taɓa samun nasa ba. Sau biyu wasu suka nemi ya yi musu aiki a gefe, ya ce sai ya tambayi Maigida, Maigida ya ce a'a, ya haƙura. Wannan ne mai zaman kansa?

Sai aka sanar cewa rangwamen harajin zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 1985, duk farantin da bai hau rufi ba kafin ranar, mai gida ya yi asara. Mutanen da suka shekara bakwai suna jinkiri suka taso lokaci guda. Watan Disamba gaba ɗaya Muntari bai huta ko Juma'a ba.

Rasuwa da jana'iza

Ranar Litinin, 30 ga Disamba, aka tura shi wani gida mai bene a Irving Park, mai rufi a tsaye kamar bango. Raɓa ta daskare a kai. Ya buga waya ofis daga kicin ɗin masu gidan, ya roƙi a bari rana ta ɗaga. Aka ce masa saura gida uku, kwana kuma biyu. Lonnie yana tsaye a gefensa. Muntari ya ajiye waya, ya ce: «Maigida ya ce a hau.» Ya yi bisimilla ya hau. Ƙarfe tara da 'yan mintoci ƙafarsa ta zame.

Ya kwana biyu a asibiti bai yi magana ba. Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, 1 ga Janairu, 1986, yana da shekara arba'in da takwas, ranar da dokar ta daina aiki. Malam Surajo ya yi masa salla ranar Alhamis, aka binne shi a wata maƙabarta a hanyar Summerfield, ƙasa ta yi tauri har sai da aka kawo inji. Mista Tilley ya aiko da furanni. Allah ya jiƙan Muntari, ya sa aljanna ce makomarsa.

Abin da ya bari

A watan Mayu na 1987 aka zauna a kan diyyarsa. Lauyan kamfani ya ɗaga hoton da Badaru ya ɗauka, ga Muntari riƙe da makulli yana dariya, ga sunansa a ƙofar mota, ya ce mai motarsa da kayan aikinsa ba yaron kowa ba ne. Lonnie ya ba da shaida, aka ce an sallame shi, yana da haushi. Kubura ta faɗi abin da ta ji, aka ce ba ta jin Turanci, kuma tana da abin da za ta samu. Cikin sha biyun nan da suka ci rago babu wanda ya zo: wannan yana da jarrabawa, wancan takardunsa ba su cika ba, wani kuma ya ce a bar wa Allah. Ai an bar wa Allah tun ranar da aka rufe shi. Shaida kuma Allah ne ya ce kada a ɓoye ta.

Aka hana diyya. An ɗaukaka ƙara, za a sake zama ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ƙarfe goma na safe. Lauyan Kubura ya ce mutum biyu daga cikinsu sun isa, su maimaita maganar Litinin ƙarfe bakwai, shi ke nan. Kubura ta gaji da bin ƙofofi. Ta ƙwanƙwasa ta Malam Surajo sau biyar, ta Badaru sau uku, ba za ta ƙara ba.

Ya rasu ya bar mace ɗaya, Kubura, wadda ke wankin zannuwa a wani otal. Da 'ya'ya huɗu: Aminatu, tana aure a Kano. Jafaru, malamin makaranta a Kazaure. Garzali, wanda ya bar karatu yana ɗaukar kaya a kanti. Sai Sa'adiya, da ake kira Bebi, wadda aka haifa a nan a 1981, ba ta tuna muryarsa. Ya kuma bar a-kori-kura, tana bayan gida, an gyara ta, an zuba mai, sunansa yana nan a ƙofa. Garzali zai tuƙa ta ranar Talata. Ban da shi, akwai wurin mutum biyu a gaba. Kubura za ta zauna a baya, tare da tsanin.