Kwalbar da Na Ɗumama a Ƙirjina

Babu allurar rigakafin da ta wuce 'yata. Tun muna Tabanni, kafin 'yan bindiga su koro mu cikin garin Birnin Gwari, ni ce mai yi wa maƙwabta tsiya in sun ɓoye 'ya'yansu ranar allura. Sai ga tawa kwance a asibiti, wuya ya sanƙare, ido ya kakkafe. Sanƙarau. Maganin da ake ɗura mata kuwa kamar ruwan rijiya.

Na tare likita a bakin ƙofa, raina a ɓace. "Likita, to ina amfanin allurar?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ƙwayar cutar nan dangi gare ta da yawa. Allura ta san wasu, ba ta san wasu ba. Sai an raya ta a ɗakin gwaji a Kaduna a ga 'yar wane gida ce, da maganin da take ji."

Ya ɗebi ruwa daga ƙashin bayanta ya zuba a 'yar kwalba. Babu motar asibiti mai tafiya a makon, mijina kuma yana gona inda waya ba ta shiga. Na ce ni zan kai. Na nemi ƙanƙara, don na saba ganin masu allura da akwatin sanyi.

"Kul!" in ji shi. "Sanyi kashe ƙwayar yake. Ki sa ta a jikinki, dole ta isa da ranta."

Na bar yarinyar a hannun yayata, na cusa kwalbar cikin riga na ɗaure zani a kanta, na shiga motar haya. Muka daɗe a bakin gari muna jiran sojojin rakiya. Da muka shiga daji, kowa a motar na salati a ƙasa-ƙasa. Ni tsorona ɗaya, kada a tare mu kwalbar ta huce. Na rungume ta ina tsine wa ƙwayar da ke ciki, ina kuma roƙon Allah ya bar ta da rai. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Na miƙa ta a ɗakin gwaji, na kwana a tasha, washegari na juyo. Tun daga ƙofar asibiti na hango yayata zaune a ƙasa, zanin goyon a naɗe bisa cinyarta.

Daga baya likita ya kira ni. Ƙwayar ta tsiro. 'Yar'uwar wadda ta kwantar da yara a wajen Damari ce, allurarmu ba ta san ta ba, yanzu ana bin sawunta, an kuma gano maganinta. Ya ce na taimaki yara da yawa. Na ce masa to.

Na matsa wa yayata sai da ta faɗa mini yadda 'yata ta cika. Ta ce yarinyar ta yi ta rawar sanyi tana laluben ƙirjinta, tana kiran "Inna", da ta ji ba ni ba ce sai ta ture ta.