Jan ɗankwalin Goggo Dudu

Ranar Asabar ɗin nan Goggo Dudu ke cika shekara uku da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ƙanwar babanmu ce, kuma ita ce alƙaliyar ƙwallon hannu ta 'yan matan layinmu a unguwar Poumpoumré ta Garwa. Ba wanda ya naɗa ta. Ta zo kallo wata rana, ta ga muna cuwa-cuwa, ta ƙwace usur, shi ke nan. Muryarta kuwa, in ta kira sunanka a Garwa, sai ka amsa daga Guider.

Ƙanwata Habiba ita ce golarmu. Tun tana ƙarama ba ta son ƙara mai tsini, ba ta son a taɓa ta ba zato, ba ta kallon idon mutum. Likita ya ba abin wani dogon suna na Faransanci. Goggo ta ce, "Ni Habiba na sani." Amma in ƙwallo ce, ko sauro bai isa ya wuce ta ba.

Ranar da ta fara tsaron raga, Goggo ta busa usur. Habiba ta toshe kunnuwa ta durƙushe, ƙwallo ta shige, aka yi dariya. Har da ni, Allah Ya yafe min. Goggo ta dubi usur ɗin ta wurga shi cikin kogi, na rantse har yau kifayen Binuwai na busa shi. Ta ciro jan ɗankwali daga jaka ta ce, "In na ɗaga wannan, kowa ta tsaya. Wadda ba ta gani ba, ta je asibitin ido." Ta hana mu rungumar Habiba in ta tare ƙwallo, sai dai a ƙwanƙwasa turken raga sau biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Watan jiya aka kawo mana sabon mai horarwa, Malam Buba, mutumin kirki, amma da usur a wuya kamar laya. Na yi masa bayani, ya ce, "'Yata, wasa ba usur ai biki ne." Ya busa. Habiba ta jera takalmanta a jaka ta tafi gida. Asabar uku ba ta zo ba, aka yi ta zura mana ƙwallo kamar ana cika buhun auduga.

Na yi ta tunanin me Goggo za ta yi. Wurga Malam Buba cikin kogi ya fi ƙarfina, sai na tara 'yan mata, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar wasa ya busa, muka ci gaba da gudu. Ya sake busawa har jijiyar wuyansa ta miƙe, ko waiwaye. Na ɗaga jan ɗankwalin Goggo, fili ya tsaya cik, har akuyar maƙwabta.

Ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya cire usur ya sa a aljihu, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo."

Goggo ba ta bar mana kofi ko ɗaya ba. Amma Asabar da ta wuce Habiba ta dawo, ta tare ƙwallo, na ga Malam Buba, da ɗankwalin mata a kafaɗa, ya taka har raga ya ƙwanƙwasa turke sau biyu.