Kifi Mai Takalmi a Ƙasar Holan

Mun tashi da asuba, ana sallame salla a masallacin unguwa muka fito daga Ƙofar Jatau. Ni na kulle ɗakina da hannuna, na ɗaure makullin a haɓar zane. Ɗana ya ce in kawo ya ajiye mini, na yi kamar ban ji ba. Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Ma'aikacin ruwa ne, gwamnati ta tura shi ƙarin karatu ƙasar Holan, ya zo hutu ya tarar da abin da na daɗe ina ɓoyewa: wata farar yana ce ta rufe mini ido. Da taku nake gane mutum, da tari, da ƙamshin turarensa, kuma ba wanda ya ankara sai ran da na yi tuntuɓe a bakin rijiya.

A soro ya yanke magana, kansa a ƙasa. "Inna, za mu je a duba idon nan. In ya buɗe, alhamdu lillahi. In bai buɗe ba, ba za ki sake zama a gidan nan ke kaɗai ba. Kaduna za ki koma wurin iyalina."

Gidan da aka kawo ni amarya, gidan da aka fitar da gawar mijina! In bar shi in koma saman bene, inda maƙwabci ba ya yi wa maƙwabci sallama? Maganar ta shiga mota tare da ni.

Hanyar Kano ban gan ta ba, jin ta na yi a ƙugu. Na san mun fita Ƙofar Doka da hayaniyar 'yan tasha, na san mun kai Kadawa da warin tumatir. Da muka hau jirgin sama a Kano, aka kawo wani abinci mai kama da na majinyata, na buɗe ƙullin yajina na gyara shi. Da muka sauka, sanyi ya mare ni tun daga bakin ƙofa. Ɗana yana ta ba ni labarin ƙasar, wai shimfiɗe take kamar faifai, wai teku ya fi gidajensu bisa, tare shi suka yi da ganuwa. Ni dai ƙararrawar kekuna kawai nake ji ta ko'ina. Abincinsu burodi da cuku da dankali, safe da yamma. Da ya faɗa mini kuɗin tattasai ɗan cikin hannu, na ce a kasuwar Zariya wannan kwando ne har da ɗan dako. Allah ya sa na taho da kuka da daddawata.

Aikin idon bai kai fargabarsa ba. Wata doguwar likita ce ta yi, mai sanyin hannu. Da aka cire audugar, abin da na fara gani kan ɗana ne. Ashe ya yi furfura ban sani ba. Na kau da kai da sauri.

Murnar ba ta daɗe ba. Ran da muka fara fita, a tashar jirgin ƙasa na ga wani saurayi, gashinsa kore shar, a miƙe tsakiyar ka kamar zankon zakara. Na rufe ido na buɗe, yana nan. Mutane na wuce shi, ba mai ko waiwaye. Can gaba kuma ga kare sanye da riga. Gabana ya faɗi, domin na san wannan hanyar. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, haka ta fara. Da ta dawo zama wurina, sai ta nuna katangar bayan gida ta ce ga awaki da fuskar mutane suna kallonta. Da farko aka yi dariya, daga baya aka nemi rubutu, a ƙarshe aka riƙa rufe ta a ɗaki har ta cika. Na ce a raina, wato an buɗe mini ido ne don in ga abin da ta gani? Na haɗiye maganar, ban gaya wa kowa ba.

Ɗana kuwa sai gwada ni yake, yana tsammanin ban gane ba. "Inna, mene ne can a fili?" In ce shanu. "Wancan fa?" In ce keke. Ina ba shi amsa daidai, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya san uwarsa. Ya san ko da ido rufe zan ce shanu a filin ciyawa.

Wata safiya ana yayyafi ya ce mu je wani gari ganin gidan ajiye tsofaffin zane-zane. Na ce mala'iku ba sa shiga inda hotuna suke. Ya ce, "Ai ba kwana za mu yi ba, Inna." Muka hau jirgin ƙasa. Wannan karon na ga ƙasar da idona: ruwa a miƙe kamar an ja layi, tsofaffi sa'o'ina a kan keke ba ko kunya. Gidan kuwa shiru kamar ana zaman makoki, kowa na tafiya a hankali hannu a baya. Muka wuce hotunan attajirai masu farin wuya, bai tsaya ba. Sai da muka shiga wani ɗaki mai ƙarancin haske ya tsayar da ni gaban wani allo mai fiffike biyu, kamar taga a buɗe.

"Inna, me kike gani?"

Na duba. Inna lillahi! Ga kifi a tsaye da ƙafafu, cikin dogon takalmi, ya haɗiye mutum rabi, ƙafafun mutumin na harbin iska. Ga kai ba gangar jiki, ƙafa biyu kawai ke ɗauke da shi, yana tafiya abinsa. Ga tsuntsu ya kifa mazurari a ka. Ga wata tsohuwa mai ƙafar agwagwa tana soya ɗan Adam a kasko, tana juya shi hankali kwance kamar mai tuyar masa. Wasu an soke su a sanda an jera bakin wuta. Can baya gari guda yana ci da wuta, sama ta yi ja.

Na ce shi ke nan, ciwon mahaifiyata ya iso. Wa zai zana irin wannan a kafa a bango, Turawa masu kwat su zo su tsaya kallo? Lallai itatuwa ne da shanu a allon nan, kaina ne ya juya su. In na faɗi abin da nake gani, ya ce na bi sawun kakarsa. In na ƙaga wani abu ya zama ba shi ba, ya ce idon bai buɗe ba. Ko ta ina Kaduna ce, ɗaya ma har da rufe ƙofa.

"Ga duhu," na ce. "Ga wuta can."

"Na'am. Nan fa?" Ya miƙa yatsa, daidai kan kifin.

Na laluba haɓar zanena na damƙe makullin har ya shiga tafin hannuna. Ya ƙura mini ido, bai ƙifta ba. Na tuna yadda mahaifiyata ke kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai ce shi ma ya gani. Sai zuciya ta taso mini. Na ce tsufa bai sa na yi wa kowa ƙarya ba, ba zan fara a ƙasar mutane ba. In rufe ni za a yi, a rufe ni da gaskiyata.

"Kifi ne," na ce. "Da takalmi. Yana cin mutum." Da bakin ya buɗe kuma ban tsaya ba, na zayyano masa kan, da tsuntsun, da tsohuwar da kaskonta.

Ya ce, "Takalmin wane launi ne?"

"Ja."

Ya koma kan benci ya zauna, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Na tsaya ina jiran hukunci. Da ya ɗago, dariya yake yi, hawaye na zuba.

"Haka yake, Inna! Wallahi duk haka yake. Har kaskon!"

"Kai ma kana gani?"

"Kowa na gani. Dubi matar can yadda ta yamutsa fuska."

"To mai koren gashi fa?"

"Wane mai koren gashi?"

Gabana ya sake faɗuwa. "Na tasha. Mai zanko. Da karen nan mai riga."

"Au! Samarinsu ne, rini suke yi. Karen ma riga suke ɗinka masa."

Na zauna a ɗaya gefen bencin. Da numfashina ya dawo na ce, "Kai, ka manta da kakarka ne?"

Dariyar ta ɗauke. Ya sauko ya durƙusa a gabana, Turawa na kallo. "Ki gafarce ni, Inna. Abin da ba za ki iya canka ba na nema. Sam tunanina bai kai can ba."

Na ce ya tashi kada ya tara mana jama'a, ya gaya mini wane ne ya yi wannan aika-aika. Ya karanta rubutun bango ya fassara. Wai wani mai zanen ƙasar ne, tun zamanin da, tun kafin jihadi da nisa, kuma don majami'arsu ya yi, domin wanda bai iya karatu ba ya ga makomar mai saɓo ya ji tsoro. Inda ya samo abubuwan kuwa, masanansu ba su daidaita ba. Wasu sun ce daga wa'azin limamansu ne. Wasu sun ce hatsin zamanin kan kamu da wata cuta, wanda ya ci burodinsa sai ya riƙa gane-gane. Wasu kuma sun ce yana yaro garinsu ya ƙone a kan idonsa.

Na tashi na koma gaban allon, yanzu da ƙarfina. Maganar gobarar ce ta zauna mini. Ina 'yar budurwa wuta ta tashi a unguwarmu, lokacin yawancin ɗakuna jinka ne, kuma haka sama ta yi, ja daga ƙasa, mutane ƙanana baƙaƙe suna gudu. Sauran kuwa na lura duk kayan gida ne: kasko, mazurari, tulu, wuƙa. A madafin uwarsa ya tattaro azabarsa. Ni ma in zan tsorata jikoki da dodo, haƙoran da nake ba shi na magirbi ne. Wutar Allah ta fi ƙarfin fenti, Allah ya tsare mu da ita, amma bawan nan ya ji tsoro na gaske, kuma ya samu inda ya sauke shi. Shi aka rataye nasa a bango ana zuwa kallo. Mahaifiyata aka ja mata ƙyaure.

A hanyar dawowa ba a sake ambaton Kaduna ba. Na ga Kadawa da tumatirinta, na ga Kufena daga nesa, na ga Ƙofar Doka, ashe ta tsufa ita ma. Na buɗe ɗakina da makullina. Mata suka cika gida barka da zuwa, kowa sai ta ce in sake ba da labarin kifin, wata har ta ce ƙari nake yi. Na ce ta je ta gano.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan bai da yawa. In tsoho ya ce ya ga wani abu, kafin ku ɗauko kwaɗo, ku matso kusa da shi ku duba inda yake nunawa.

Da gari ya waye na zagaya bayan gida, na tsaya gaban katangar da mahaifiyata ke nunawa, wadda na yi shekaru ba na ɗaga kai in kalla. Akuyar maƙwabta na tsaye a kanta, inda damina ta zubar. Na ƙura mata ido, ta ƙura mini. Akuya ce, ba shakka. Sai dai gemun nan da kallon nan, wallahi na Malam mai gidansu ne sak. Na ce wa mahaifiyata a raina, "Iya, na gani."